Sunan Mama a Bangon Silima

Furodusa ya shigo ɗakin ɗab'i ba sallama, da tef ɗin awo a hannu, kamar tela ya zo gwada mamaci. Babban fostan fim ɗinmu yana shimfiɗe a kan tebur, tawadarsa ko bushewa ba ta gama ba, ni kuwa na san abin da na aikata a jikinsa.

Ni ce mai zana fosta. Yayana shi ne daraktan fim ɗin, kuma shi ya saka mahaifiyarmu a ciki. Mama ta tsufa a wannan sana'a tana fitowa a mai shara ko maƙwabciya mai leƙe, amma sunanta bai taɓa hawa bango ba. Yanzu idonta ɗaya ya tafi, ɗayan ma za a yi masa aiki kashegari, likita kuma bai yi mana alkawarin komai ba. Yaya, da bakinsa mai saurin alkawari, ya ce mata za ta karanta sunanta a bangon silima kafin ta shiga asibiti. Ya faɗa ya tafi, ya bar ni da aikin.

Matsalar ita ce jarumar fim ɗin ta kafa sharaɗi: sunanta ne a sama, kuma kada wani suna ya kamo nata girma. Furodusa kuma ya nace sai an yi amfani da haruffan nan da manyan finafinai suka gaji da su, dogaye masu ƙananan ƙafafu, waɗanda aka kwaikwayo daga rubutun wani tsohon ginshiƙin dutse. Haushinsu nake ji. Fim na yaƙi su, na soyayya su, na aljanu ma su. Ga su da siraran layuka da idon Mama ba zai kama ba idan suka ƙanƙance.

"Ƙanwar darakta," in ji Furodusa, "an ce min kin cika wa tsohuwarku suna."

"Ranka ya daɗe, ga tef a hannunka."

Mai inji ya kashe injinsa, ɗakin ya yi tsit. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa yana murza makullin mota, ko kallona ya kasa yi. Na ji kamar in jefe shi da kwalbar tawada.

Furodusa ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora tef a kan sunan jarumar, ya riƙe wurin da farce. Sannan ya taka har ƙasan fostan, inda na sa sunan Mama shi kaɗai a layinsa. Ya auna. Ya sake aunawa.

"Na jarumar ya fi," ya ce, kamar bai so ba. "Amma da kaɗan."

"Sharaɗin ya ce ya fi. Bai ce da nawa ba."

"Kar ki yi min wayo. Me ya sa na tsohuwar ya fi kauri?"

Gaskiya kam na bi kowane siririn layi na ƙara masa jiki da hannuna. Mai inji ya yi gyaran murya ya ce baƙar tawada tana cin farin layi idan ya yi siriri, dole a ƙara. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ambaci cewa ban ƙara wa na jarumar ba.

Furodusa ya daɗe yana kallona. "Idan jarumar ta kira ni tana kuka, za a sauke shi a yau ɗin nan, kuma ba ki ƙara yi min aiki."

"Na yarda."

Abin da ban gaya masa ba, a tarihin haruffan da yake ƙauna na samo shi. Masu sassaƙa dutsen nan sun yi layukan sama manya fiye da na ƙasa, don wanda ke tsaye a gindin ginshiƙin ya gan su daidai wa daida. Bangon silimarmu dogo ne, titin gabansa kuma matsattse. Duk wanda ya ɗaga kai daga nan, abin da ke sama ƙanƙancewa yake yi. Daga titi, sunan Mama da ke ƙasa ne zai fi girma.

Da rana aka rataye shi. Muka ɗauko Mama da jakar asibitinta, Yaya ya tsayar da mota daidai gindin bangon, masu mota na ta yi mana hon. Wayarsa ta fara ruri, sunan Furodusa a kai. Ya kife ta a cinyarsa.

Na sauke gilashi. Mama ta leƙo, ta kare idon da tafin hannu, ta ɗaga kai. Sai na ga leɓɓanta suna motsi, harafi bayan harafi, har ta kai ƙarshe.

"Duka da manyan baƙaƙe aka rubuta?" ta ce.

"Irin wannan rubutun ba shi da ƙanana, Mama."

"To wancan na can sama fa, na waye? Ba na gani."

"Ba kowa ba ne," in ji Yaya.

Wayar ta ci gaba da ruri. Mama ta ce kada ya ja motar tukuna, tana so ta sake karantawa.