Hoton Burtun da Ya Ƙi Buɗewa

Halimatu Sa'adiya ba mai yawan magana ba ce, ko a gida sai an tambaye ta sau biyu take amsawa. Amma ranar Larabar nan har maƙwabta sun ji muryarta ta katanga, ta riƙe waya tana ta faɗa ita kaɗai a tsakar gida.

Ga abin da ya faru. Akwai wata ƙungiya ta masu ɗaukar hoton tsuntsaye da namun daji, mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sun kai sittin. Suna hira a WhatsApp, amma dokarsu ita ce duk wanda ya ce ya ga wata halitta, sai ya ɗora hotonta a shafin ƙungiyar na intanet, inda hoto ke fitowa tar. Shekararta guda a cikinsu, ita ce mace ta huɗu, kuma ba wanda ya taɓa kula ta. Balbela take ɗorawa da hasbiya da shamuwa, abin da kowa ke gani a bayan gidansu.

To, sai aka yi suna a wajen gwaggonta a Ruwan Godiya. Da hantsi ta bi mata ɗibar ruwa, ta ɗan ratse, sai ga burtu biyu a bakin ƙorama, baƙaƙe wuluk, suna taku a hankali suna caccakar ƙasa da dogon baki. Ta ɗauki hoto bakwai, ɗaya ne ya yi kyau. Tana dawowa Faskari ta ɗora shi a shafin, ta sanar a WhatsApp.

Hoton ya ƙi fitowa. Duk wanda ya buɗe sai ya ga farin fili da 'yar alama a kusurwa kamar takardar da aka yaga.

Malam Harisu, shugaban ƙungiyar, tsohon ma'aikacin gandun daji ne a Ƙanƙara. Bai yi rubutu ba, murya ya turo.

"Ɗiyata, shekarata talatin cikin daji. Rabona da burtu a yankin nan tun ba a haife ki ba. Mi ya kai ki faɗin abin da ba ki gani ba? In hoton wanga bai fito ba zuwa saukowa daga Juma'a, za mu cire ki. Ba mu son masu ƙirƙira."

Ta tura hoton ta WhatsApp don ta kare kanta, WhatsApp ɗin kuma ya matse shi ya dushe, burtun suka zama ɗigo biyu cikin ciyawa. Wani ya ce angulu ce. Wani ya ce baƙar leda ce iska ta kwaso. Aka yi ta turo fuskokin dariya, ta ƙirga goma sha tara.

Komawa Ruwan Godiya kuwa babu zancensa, don Baba ya ce yadda hanya take yanzu, zuwan sunan ma da ƙyar ya yarda. Saura shafin kawai. Ta goge hoton ta sake ɗorawa. Ta rage masa nauyi. Ta kashe wayar ta kunna. Ta hau turmi a bayan ɗakin girki, wurin da sabis ya fi kamawa, ta tsaya da hannu a sama har kafaɗarta ta yi tsami. Farin filin nan dai.

Ranar Alhamis yayarta Hussaina ta shigo daga gidanta, ta same ta ido jawur.

"Ke kuma a kan tsuntsu kike neman kashe kanki? Su cire ki mana, sai ki huta."

"Yaya, ba cirewar ba ce. Maƙaryaciya ya kira ni. A gaban mutum sittin!"

"To, 'yar boko, duk hotunanki ne suka ƙi, ko shi kaɗai ke da aljanu?"

Wannan tambayar ce Halimatu ba ta yi wa kanta ba. Ta buɗe tsofaffin hotunanta a shafin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Arba'in da ɗaya ne. Ashe akwai biyu da tun tuni ba su taɓa fitowa ba, kuma ba wanda ya damu ya faɗa mata: na zalɓe da na ƙadangare. Ta rubuta sunayen ukun a bayan littafi, ta zuba musu ido. Zalɓe. Ƙadangare. Burtu a bakin ƙorama.

Hussaina ta leƙo ta kafaɗarta. "Duk da 'yan ƙugiyoyin nan naki a jiki. Ke da ko saƙon gaisuwa na turo miki sai kin gyara mini."

Halimatu ta sake duba sunayen ukun. Gaskiya ne, ita ba ta iya rubuta ƙ ko ɓ ba tare da lanƙwasa ba, ko a sunan hoto ne. Ta kira Gide, wanda ya haɗa wa ƙungiyar shafin, yana da shagon buga takardu a Sabuwa.

"Au, wannan ne?" in ji shi, yana dariya. "Ai shafin ba ya karɓar haruffa masu lanƙwasa a sunan hoto. Kowa ya sani."

"Kowa wa? A ina ka rubuta?"

"Haba malama, wa ke sa su a waya? Ki rubuta korama kawai, ai za a gane."

"Kai Bahaushe ne, ka haɗa wa Hausawa shafi, amma sai na lalata rubutuna kafin ya yarda da ni? Kana cikin ƙungiyar, kana ji ana ce mini leda na ɗauka, ka yi shiru?"

"Wallahi hankalina bai kai can ba. Zan duba in na samu sarari."

Ba ta da lokacin jiran sararinsa. Lalata kalmar kuma ba za ta yi ba. Sai ta cire ta gaba ɗaya, ta sa wa hoton suna burtu biyu, ta ɗora. Kafin ta ƙifta ido ya buɗe daga sama zuwa ƙasa, har gashin idon tsuntsun ana gani.

Ƙungiyar ta ɗauki kabbara da masha Allah. Mai zancen leda ya goge saƙonsa. Can sai ga Malam Harisu da layi ɗaya: "Madalla. Wa ya ɗaukar miki?"

Hussaina ta ce ta bar shi, dattijo ne. Halimatu ta danna wurin murya, sau uku tana gogewa, a na huɗu ta tura.

"Baba Malam, ni na ɗauka da hannuna. Ku yi haƙuri, amma a gaban jama'ar nan kuka ce na faɗi abin da ban gani ba. A gabansu nake roƙon ku ce na gani."

Alamar Malam Harisu ya saurara ta nuna tun azahar, amma har aka yi la'asar bai ce komai ba. Tana tankaɗen garin tuwo wayar ta yi ƙara, sai ga muryarsa.

"Jama'a, burtu ne. Yarinyar nan ta gani, ni na yi gaggawa." Ya yi gyaran murya. "Mai jan maƙogwaron shi ne namijin, ɗiyata. Ki rubuta haka a ƙarƙashin hoton."

Ta saurara sau biyu, ta kife wayar a kan tabarma. Sai da ta gama tankaɗen tsaf, ta wanke hannu, sannan ta rubuta.