Murya Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Maɓallin bulutut ɗin wayar Mama, wanda ke haɗa ta da wata na'ura ta iska, yana da wani hali da ya fi ƙona min rai a kan a ce ya mutu gaba ɗaya. In na taɓa shi sai ya matsa dama, ya yi shuɗi kamar abin arziki, ina buɗe baki zan ce alhamdulillahi sai ya sulale ya koma hagu, ya yi toka-toka. A cikin wata biyu na taɓa shi ya fi sau dubu. Na taɓa shi da lallami, na taɓa shi da zagi, na taɓa shi da bismilla. Duk ɗaya ne a wurinsa.

Mama tela ce, shekara talatin tana kan keke. Rubutu bai taɓa zama abokinta ba, littafin awo kuwa duk wanda aka saya mata sai ya ɓata kafin sati. Da Yaya ya saya mata waya sai ta gano wurin ɗaukar murya, shi ke nan ta huta. Mai kawo ɗinki na fita za ta kara wayar a baki: "Matar mai kanti, doguwar riga, kafaɗa sha shida, tsawo hamsin da takwas. Ta ƙara ƙiba, amma kar a gaya mata." Wani lokacin ta manta ba ta kashe ba, wayar ta yi ta ɗaukar ƙarar keke da waƙarta da faɗan da take yi min a kan almakashi. Da idonta ya fara rauni ni na shiga saiti na ƙara wa rubutun wayar girma har ƙarshe, ta yi ta sa min albarka kamar na gina mata gida.

Wata takwas ke nan da ta faɗi. Tana wanki a banɗaki da safe, ɓarin jikinta na dama ya shanye, wayar ta zame daga ƙirjinta ta faɗa bokiti. Mama ta tashi, amma maganarta ba ta tashi ba. Kalma ɗaya ta rage mata a duniya: "To." Da ita take neman ruwa, da ita take ƙin magani, da ita take kuka.

Wayar ma ta tashi, bayan kwana huɗu a cikin buhun shinkafa, sai dai irin tashin Mama ta yi. Rabin gilashin na sama ya yi baƙi ƙirin kamar an zubar da tawada. Sifikarta ta mutu, ramin iyafis ya mutu, wurin sim ya yi tsatsa. Ramin caji yana karɓar wuta, amma in ka jona ta da kwamfuta, kwamfutar ba ta ma san an zo ba. A rabin da ya rage kana iya ganin jerin abin da ta ɗauka, guda ɗari biyu da sha huɗu. In na danna ɗaya sai daƙiƙu su fara tafiya, wani ɗan zare yana hawa yana sauka. Mama na magana a ciki, ba mai ji. Ranar da na fara ganin haka na shiga kicin na yi kuka har sai da kaina ya yi ciwo.

Ba mu da muryarta a ko'ina. Mama ba ta aika saƙon murya, kira take yi. In aka ɗaga mata kyamara kuwa sai ta rufe baki da gefen mayafi.

Likitar da ke koya mata magana ce ta ɗora min wannan nauyin ba tare da ta sani ba. Ta ce wasu in suka ji muryar kansu suna ƙoƙarin bin ta. "Ban yi miki alkawari ba fa," in ji ta. "Amma in akwai, ki kawo. Kuma kar a daɗe, watanni suna tafiya." Ni kuwa da azarɓaɓi na dawo gida na gaya wa Mama. Na sayo ƙaramar sifika mai haɗuwa ta bulutut, na ajiye a kan teburin kekenta, na gwada mata da wayata. Sifikar in ta haɗu tana yin wata 'yar ƙara, tilin. Na ce, "Mama, ranar da kika ji wannan ƙarar daga wayarki, to muryarki ce za ta biyo baya." Ta kalle ni ta ce, "To."

Daga nan na shiga uku. Na kashe wayar na kunna. Na sa saitin jirgi na cire. Na cika ta da caji, domin wani ya ce in batir ya yi ƙasa ba ta yarda. Na kai ta kusa da sifikar har tana taɓa ta, na kai ta nesa. Na gwada haɗa ta kai tsaye da wayar maƙwabciya ta waifai, shi ma maɓallinsa ya yi min irin ta ɗan'uwansa. Na kashe duk wani abu mai wuta a gidan, har firij, wai kar su dame ta. Maƙwabciya ta shigo ta same ni tsaye a kan kujera na ɗaga waya sama, ta juya ta fita.

Abin haushin shi ne yayana mai gyaran waya ne. Duk layinsu Minti Biyar ake kiransa, domin ko wayarka mota ta taka zai ce maka, "Zauna, minti biyar." Kuma ya iya, wannan ba zan hana shi ba. Shagonsa wani ɗan lungu ne da mutum biyu ba sa juyawa a ciki, fitila a sunkuye kan tebur, ƙananan kusoshi cikin murfin kwalba, warin dalma ko'ina. Yaya ba ya kallon waya in yana aiki. Yatsunsa sun haddace inda komai yake, suna tafiya yana hira da mutane, yana gardamar ƙwallo. Wayar da gilashinta ya mutu ɗungurum ma yakan buɗe ta ya shiga saiti da ka, mutane na tafa masa.

Sati uku wayar Mama ta yi a cikin durowarsa.

Ranar Talata na tashi daga aiki na wuce can, raina a ɓace. Na same shi yana wa wani mutum dariya.

"Yaya, ina wayar Mama?"

"Tana nan, ƙanwata. Ina sane."

"Kana sane. Jibi ne ganin likita. Ka gyara ta duniya, ta uwarka ce ta gagare ka?"

Mutumin ya karɓi wayarsa ya zame. Yaya ya janyo durowa, ya ɗauko ta, ya riƙe a tafin hannu yana juyawa.

"Tsoro nake ji," ya ce a hankali. "Wayar da ta sha ruwa, in na buɗe na sa mata zafi, tana iya tafiya gaba ɗaya. Ta wani ce sai in ba shi haƙuri. Wannan wa zan ba haƙuri?"

Da ina da hankali da na tsaya a nan. Amma na gaji. Ni ke yi wa Mama wanka, ni ke juya ta, ni ke fassara "to" ɗinta. Shi in ya zo gidan a bakin ƙofa yake tsayawa, ya gaishe ta yana kallon ƙasa, ya ce ana jiransa a shago.

"Ba tsoro ba ne," na ce. "Minti biyar ɗin da kake ba kowa ne ba ka da shi don ita."

Ya mayar da wayar cikin durowa. Sai ya ce gobe da rana zai zo gida ya yi a gabana.

Ya zo kuwa, Laraba wajen ƙarfe biyu. A karon farko cikin watanni ya shigo falon sosai, ya durƙusa kusa da kujerar Mama. Ta ɗora hannun hagu a kansa ta ce, "To, to." Ya miƙe da sauri ya zauna a kan kujerar keke, ya matsar da zare da alli gefe, ya ajiye wayar kusa da sifika.

"Ba zan buɗe ta ba," ya ce min. "Akwai abu ɗaya da ya rage. Wani lokacin ba ruwan ba ne, saitin haɗin ne ya cakuɗe. In aka wanke shi kaɗai sai maɓallin ya kama."

"Ba zai taɓa muryar ba?"

"Ko kusa. Abin da ya shafi waifai da bulutut kawai yake sharewa. Na yi wa irin wannan wayar ya fi sau ɗari."

"Ai wurin baƙi ne, ba ka gani."

"Ba sai na gani ba. Na uku ne daga sama."

Ya shiga saiti, ya gangara, ya danna. Shafin ya buɗe, rabinsa a cikin tawada. Ya auna da babban yatsa daga saman gilashin, ɗaya, biyu, uku, ya taɓa cikin baƙin. Wayar ta nemi lambar sirri, na faɗa masa, shekarar haihuwarsa ce. Ya ɗago ya kalle ni, bai san Mama ita ta sa ba. Yana kallona ɗin ne wani jan rubutu ya fito a ƙasa, manya-manya. Na soma karantawa, ban kai ƙarshen kalmar farko ba yatsansa ya riga ya danna. Ya sake fitowa, ya sake dannawa. Haka yake yi kullum.

Gilashin ya ɗauke. Sai wani farin zare ya bayyana yana cika a hankali.

"Yanzu za ta dawo," in ji Yaya. "Minti ɗaya ma ba ta kaiwa."

Minti ɗaya ya wuce. Zaren bai kai kwata ba. Fanka na juyawa, a waje wani na ta danna hon. Yaya ya sunkuya ya ƙura wa wayar ido, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wata waya ba. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Wa ya taɓa girman rubutun wayar nan?"

"Ni ce. Tun bara waccan, saboda idonta. Me ya faru?"

Ya sa yatsa biyu a kan gilashin ya buɗa su kaɗan.

"In rubutu ya yi girma, kowane sahu faɗi yake ƙarawa. Inda na ukun yake zama, na biyu ne ya sauko wurin."

"Na biyun mene ne?"

"Goge komai."

Na ce ya kashe ta. Ya ce ko ya kashe aikin ya riga ya gama, tun daƙiƙar farko. Na ce ai ku kuna da na'urar dawo da abin da aka goge, na sha jin kana faɗa. Ya ce ba a irin wannan ba. Na ce ko ta ajiye a wani wuri a intanet. Ya girgiza kai, shi da kansa ya kashe mata wannan tun ranar da ya saya, don kar ta riƙa shan data. Duk da raɗa muke yi, mun juya wa Mama baya kamar ɓarayi.

Na so in zage shi. Zagin ya zo har bakina, sai na tuna wa ta je shago jiya, wa ta ƙara girman rubutu ta manta, wa ta tsaya tana kallo. Ban sami wanda zan zaga ba, sai na zauna a ƙasa.

Zaren ya cika. Wayar ta haska, ta yi mana maraba kamar yau aka ciro ta daga kwali, da ƙananan rubutu tsaf-tsaf. Yaya ya wuce tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe wurin ɗaukar murya. Fari fat, babu ko ɗaya. Matar mai kanti da ƙibarta, ƙarar keke, waƙar, faɗan almakashi.

Ban san me ya sa ya yi abin da ya yi daga nan ba. Ina jin hannun ne kawai ya saba ƙarasa aiki. Ya ja saiti, ya taɓa maɓallin bulutut.

Ya matsa dama. Ya yi shuɗi. Na jira ya sulale, bai sulale ba. Sunan sifikar ya fito a ƙasa, Yaya ya taɓa shi.

Tilin.

A bayanmu na ji kujera ta motsa. Mama ta dafa da hannun hagu ta gyara zama, ta ja ɗankwalinta da ya zame ta daidaita shi, yadda take yi in baƙuwa za ta shigo awo. Ba mu take kallo ba, sifikar take kallo, gefen bakinta mai lafiya ya ɗan ɗaga. Ta karkata kunne.

Yaya ya kifa kansa a kan teburin keke. Sifikar na ta kyafta 'yar shuɗiyar fitilarta.

Mama ta jira. Da ta ga shirun ya yi yawa sai ta waiwayo gare ni, ta nuna sifikar da haɓa.

"To?"