Bidiyon Malaz a Kasuwar Hatsi

Salihu mai awo ne a kasuwar hatsi ta Gadarif. Lokacin da abin ya faru kakar riɗi ce, motoci suna ta shigowa daga gonaki, ko'ina ƙura da buhuna. Da hantsi ya samu sarari ya zauna wajen mai shayi. Bai kai kofi baki ba sai Elfadil, wani direba da ke ɗauko kaya daga Mafaza, ya miƙo masa waya yana ƙyaƙyata dariya, ya ce ɗansa ne ya turo masa.

Farfajiyar makarantar 'yan mata ce. Wasu ɗalibai sun kewaye wata yarinya, suna buga murfin tukunya dab da kunnenta. Ita kuma ta toshe kunnuwa, tana rangaji gaba da baya, tana maimaita "ku bari, ku bari" da murya iri ɗaya. Har kiɗan biki aka ɗora a kan bidiyon.

Malaz ce, 'yar Salihu, mai shekara goma sha biyar.

Elfadil bai san iyalin Salihu ba. Sauran mazauna bencin ma ba su taɓa ganinta ba. Wani ya ce aljanu ne, wani ya ce iyayen da suka kai irin wannan makaranta su ne da laifi. Salihu ya ji bakinsa ya yi murmushi. Ya ce Allah ya kyauta, ya mayar da wayar, ya koma kan ma'auninsa. Har aka kira la'asar bai iya kallon fuskar kowa ba.

Tun tana ƙarama Malaz daban take. Ba ta haɗa ido da mutane, ƙara tana yi mata zafi kamar wuta, kuma abin da aka faɗa mata shi take ɗauka, ba ta gane zolaya. An yi rubutun sha, an yi hayaƙi. Sai bayan da yaƙi ya koro mutanen Khartum, wata likita mai suna Batul ta sauka a unguwarsu, ta duba ta, ta ce ba hauka ba ne, ba iska ba ce, tawahhud ake ce masa, haka Allah ya halicci wasu. Salihu ya yarda a cikin gida. A waje kuwa, in an tambaye shi, cewa yake yarinyar kunya gare ta.

Da ya koma gida, matarsa Jummare ta tare shi tun a ƙofa. Ashe ta riga shi gani, 'yar maƙwabta ce ta nuna musu. Ta ce ciwon cikin da Malaz take faɗa don kada ta je makaranta ba ciwo ba ne. Kisra ma, wainar dawar nan da ita kaɗai take ci ba gardama, yanzu ture ta take yi. Jiya ta ga shatin haƙora a hannun yarinyar, inda ta ciji kanta.

Ya samu Malaz a tsugune bayan randa, inda ta saba zama saboda sanyi. Ya zauna a ƙasa, ɗan nesa da ita, don ba ta son a matso ta.

Ba ta dube shi ba ta ce, "Baba, ka gani?"

Ya ce ya gani.

"Ka yi dariya? Kowa yana yi."

Malaz ba ta jira amsarsa ba. Ta ce ita ma ta kalla sau da yawa, ba ta san haka take ba sai yanzu. Sannan ta ce, da irin muryar da take neman ruwan sha, "Da ba a haife ni ba da kun huta."

Jummare ta juya ta shiga kicin da mayafi a baki. Shi kuwa ya zauna nan har inuwar katanga ta rufe su, yana gaya mata ba haka ba ne, ba tare da sanin ko tana ji ba.

Washegari bai je kasuwa da wuri ba. Suka kai ta wajen Likita Batul, wadda ta daɗe da ita a ɗaki, ta fito ta ce kada a bar ta ita kaɗai kwanakin nan, kada kuma a tilasta mata komawa aji. Daga nan suka wuce makaranta. Shugabar ta fara cewa wasan yara ne. Salihu, wanda bai taɓa ɗaga wa mai ilimi murya ba, ya ɗora wayar Jummare a kan tebur ya ce ta kalla har ƙarshe tukuna. Ta kalla. Ta ce za ta kira iyayen 'yan matan.

Da ya isa kasuwa Elfadil yana wajen mai shayi. Salihu ya tsaya a kansa, mutane suna ji, ya ce, "Yarinyar jiya 'yata ce. Sunanta Malaz."

Elfadil ya miƙe, yana rantsuwa bai sani ba, yana goge bidiyon. Salihu bai ji haushinsa ba. Mutumin bai sani ba, shi ne ya sani.

Bidiyon dai ya riga ya yi nisa, har daga Shuwak ƙanwar Jummare ta kira tana tambaya. Biyu daga cikin 'yan matan suka zo da uwayensu ba da haƙuri. Malaz ba ta fito ba, ba kuma wanda ya ce ta fito.

A hankali ta fara cin abinci. Wata Juma'a da safe, makaranta ba kowa, ta yarda ta bi babanta zuwa can. Suka tsaya a bakin katanga, ta leƙa farfajiyar ta tsakanin ƙarafan ƙofa, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce ya isa na yau, suka juya gida, ita a gaba shi a baya.