Jan Zaren Wuyan Mai Burodi

Mai gidan burodin nan dai da safe aka tsince shi a ƙasan bene, wuya a karye. Aka ce santsi ne. To, santsin ne kuma ya tsinke jan zaren da yake rataya mukullin akwatin ƙarfensa? Autarsa ce ta kitsa masa zaren, ita kaɗai ta lura babu shi a wuyan gawar, ta yi gum.

Ranar rabon gado aka taru a falo. Babban Yaya ya ce uba ya ba shi gidan da baki, ya kuma ce Auta ta tattara komatsanta. Ita kuwa ta san takardar gidan da sunanta tana cikin akwatin.

"Da bakin wa, ɗan nema?" in ji Baffa, ƙanen mamacin.

"Tsoho, zauna, kada haƙoran robar su zube," in ji Yaya.

Bai rufe baki ba Baffa ya sauke masa kujera a ka. Jini ya wanke masa fuska, suka kacame, tebur ya dare biyu, Yaya ya gantsara wa Baffa cizo a kunne. Baffa ya fizgi rigarsa, aljihu ya yage, sai ga mukulli ƙwal a ƙasa, da guntun jan zare.

Yaya ya miƙa hannu zai ɗauka, Auta ta take yatsun da tsinin takalminta har suka ce ƙas.

"Yaya, ashe kai ne santsin," ta ce, ta duƙa ta ɗauki mukullin. "Baffa, rufe ƙofa, a kira 'yan sanda."