Yumɓun Halilu

Kwana ashirin da rasuwar Injiniya Halilu, matarsa Habibatu ta sauka ɗakin ƙasa na gidansu a garin Bowie don ta cika wasiyyarsa. A gadon asibiti ya ce mata kwalayen nan uku a ba Constance, 'yar ƙasar Sin da suka shekara goma sha biyu suna aiki tare. Duka, ya ce, kada a rage ko ɗaya.

Ta san abin da ke ciki. Mutum-mutumin yumɓu ne da yake kwasowa duk sanda aiki ya kai shi Sin. Tun na farko ta rantse ba za su kwana a falonta su kore mata mala'iku ba. Ya yi dariya ya sauke su ƙasa.

Tana buɗe kwali wari ya buge ta. Ɓeraye sun yi gida a cikin jaridun da aka naɗe kayan. Ta toshe hanci da gefen hijabi, ta kira 'yarta Umaima.

"Wannan na garin Wuxi ne, Umma," in ji Umaima, ta ɗago wani jaririn yumɓu mai kumatu kamar an hura. "Abba ya ce can ƙiba da murmushi suke yi. Tsohon nan mai tallan kifi kuma na Tianjin ne, su mutum sak suke fitarwa. Dubi har jijiyar wuyansa."

"Na gani. Ajiye shi, yana kallona."

Akwai baƙaƙen karnuka masu kai biyu daga Henan. Akwai wata damisa daga Gaomi, rabi da rabi, an haɗa tsakiyarta da fata. Umaima ta matsa ta, ta yi wani kuka kamar jinjiri ya shaƙe.

"Fatar mece ce wannan?"

"Ina jin ta tunkiya."

"Wa ya yanka tunkiyar?"

Habibatu ta sa tsintsiya ta ture damisar bayan injin wanki.

Umaima ta tafi makaranta, Constance kuma da la'asar za ta zo. Habibatu ta ga ba za ta miƙa wa baƙuwa kaya da kashin ɓera ba, a ce haka matar Halilu take. Ita da ta tashi tana wanke randa da tukwanen kakarta, ta san yumɓu ba ya tsoron ruwa. Ta cika baho da ruwan zafi da sabulu, ta sa leda a hannu, ta jefa mutum-mutumin kwalayen uku ɗaya bayan ɗaya tana kau da kai. Ta hau sama yin azahar.

Da ta dawo, ruwan ya zama kunu. Ja da kore suna yawo a sama. Ta cusa hannu ta lalubo jaririn, kansa ya narke a tsakanin yatsunta, sulɓi ya bi mata har gwiwar hannu. Ta zauna a kan matakala, hannun a miƙe, ta rasa inda za ta goge shi.

Umaima ta dawo tare da Constance. Constance ta daɗe tana duban bahon, sannan ta yi magana a hankali.

Umaima ta fassara: "Ta ce ba a gasa su, Umma. Shanya su ake yi su bushe, a yi musu fenti."

"To me ya hana babanki ya faɗa?"

"Ai ba kya bari ya yi zancensu."

Habibatu ta tashi, ta jawo damisar daga bayan injin, wannan karon da hannunta, ta ba Constance. Sannan ta ɗauko babbar kular da take zuba tuwon baƙi, ta tsiyaye ruwan bahon, ta kwashe laka tas har da ta gefe, ta rufe.

"Umma, me za ta yi da taɓo?"

"Ban sani ba. Duka ya ce. Gaya mata ta riƙe da kyau, akwai nauyi."