Umarar da Munzali Bai Je Ba

Sanƙo gadon gidan su Munzali ne, amma sauran mazan gidan yakan yi musu kara, ya bari sai sun fara aurar da 'ya'ya sannan ya yi musu sallama. Shi kuwa Munzali ko gemunsa bai gama haɗewa ba gashin gaban kansa ya fara ja da baya. Kafin ya cika ashirin da biyar tsakar kan ta yi fayau, sai ɗan abin da ya rage a ƙeya da saman kunnuwa.

'Yan majalisar ƙofar shagonsa na kayan babur, nan bakin tashar Daura, suka samu abin yi. Badaru, amininsa tun firamare, shi ya fi kowa iya shege.

"Wannan goshi naka ai ya wuce Kongolam," in ji shi. "Ya shiga Nijar ko takarda bai nuna ba."

Munzali yakan yi dariya tare da su, in ya koma gida ya kasa cin tuwo. Allah ya yi wa wanda ya ƙago hula albarka, ita ta rufa masa asiri. Sai dai alwala ba ta san hula ba, don haka ya daina yin ta a bakin masallaci, kullum da tasa yake fitowa daga gida. Ga kuma Hadiyya, yarinyar da aka kai kuɗin gaisuwarta, ba ta taɓa ganin kansa a buɗe ba. Mutum zai iya zuwa zance da hula shekara guda, amma ba zai kwana da ita a ɗakin amarya ba. Wannan tunani shi ya fi cin sa.

A waya ya ga maganin. Wani asibiti ne a Turkiyya, inda ake cire gashin ƙeya ɗaya bayan ɗaya a dasa a gaba, kamar yadda 'yan lambu ke dashen albasa. Ya yi fasfo a ɓoye, ya gama komai a ɓoye. Abin da bai shirya ba shi ne amsar da zai bayar in an ce ina za shi.

Mahaifiyarsa, Inna Ikilima, ita ta tsinci fasfon a aljihun rigar da za a ba mai wanki. Da yake ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. Sai ta ɗaga murya tana yi wa ƙanwarsa Hasana magana, alhali ga shi nan zaune yana shan koko.

"Tambayi yayanki, Umara za shi ne ake ɓoye mana?"

Da ya ce a'a, dole a ce to ina. Dole kuma ya dubi uwar da ta haife shi ya ce zai hau jirgi ya ƙetare teku saboda gashi. Ya dubi kokonsa ya ce, "In Allah ya yarda."

Inna ta shige ɗaki da sauri don kada a ga hawayenta. Shi kuwa gogan, maimakon ya bi ta ya gyara maganar, sai Shaiɗan ya raɗa masa cewa ai duk wanda ya dawo daga Umara da ƙwal-kwabo yake dawowa. Ba wanda zai tambayi dalilin askin. Ya ga ƙaryar ta zauna masa daidai kamar an auna.

Kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Masu saƙon addu'a suka yi ta zuwa: mai neman haihuwa, mai neman aiki, mai ciwon ƙafa. Yana cewa "in sha Allahu" yana jin kunya na cin sa, amma yana lallashin kansa cewa addu'a ai ko daga ina Allah na ji.

Ana gobe zai tafi ya je Dutsi ban kwana da kakarsa, Iya Kande, wadda ta haifi Inna. Tsohuwa ce ƙwarai, yanar ido ta rufe mata gani, sai dai baki yana nan da kaifinsa.

"Maigida, ashe tafiya za ka yi ka bar ni?" ta ce. "To ka roƙo mana gashi a can, don ni na gaji da miji mai kan ƙwarya."

Aka yi dariya. Can sai ta ce kowa ya fita, ta sa shi ya saki labule, ta ce ya matso. Muryarta ta sauya.

Ta tambaye shi ko ya tuna ƙanwarta Zinariya, wadda ta yi aure a Mashi ta rasu yana ƙarami. Ya ce ya tuna. Ta ce duk dangi sun san cewa da ciwon Zinariya ya tsananta ta aiko a kira mata yayarta, direban da aka aiko bai same ta ba, har rai ya yi halinsa. Haka aka sani, haka aka yi ta yi mata jaje.

"Ya same ni," in ji Iya. "Ina tsakar gidan nan ina tankaɗe. Fushi nake da ita a kan wata magana da ta yaɓa mani wajen suna. Na ce ya koma ya ce ba ni nan. Na ɗauka ciwon yau da gobe ne. Direban ya mutu da maganar a cikinsa, kakanka ma bai sani ba har ya koma ga Allah."

Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Ni dai ƙafata ba za ta taka wurin nan ba, na sani. In ka je, ka kama tufar Ɗakin Allah, ka faɗi abin nan yadda na faɗa maka, kada ka rage komai. Ka ce Kande ce ta aiko ka. Ka roƙar mani Allah ya sa Zinariya ta yafe mani. Ka ji?"

A nan ne ya kamata ya buɗe baki. Ya buɗe kuwa, abin da ya fito shi ne, "Na ji, Iya."

Aikin Turkiyya bai da wani labari mai daɗi. Aka aske shi tas, aka zana masa sabuwar iyakar goshi da alƙalami, aka yi ta soka masa allura har kan ya mutu. Ya wuni a kwance ana tsinka ana dasawa. Da aka gama, tafinta ya jero masa dokoki: ban da hula mai kama kai, ban da rana, ban da sunkuyo, kada ya sosa, kada ya bari kowa ya taɓa wurin har sai dashen ya kama. Goshinsa ya kumbura har idanunsa suka ƙanƙance. A ɗakin masauki ya yi salla a zaune yana nuni da kai kamar majinyaci, shi da ya zo da ƙafafunsa lafiya lau. Da ya ɗaga hannu zai yi wa Iya addu'arta, sai ya kasa. Ba nan aka aike shi ba.

Ya sauka a Kano ya laɓe a wani masauki har kumburin ya saɓe. Ya shiga kasuwa ya sayi dabino da carbi da turare da 'yar jarkar zamzam, ya sayi hirami mai ja da fari irin wanda alhazai ke yafawa a ka. Hiramin ya yi masa rana, don ba ya kama kai, kuma ya rufe komai.

Daura ta karɓe shi hannu bibbiyu. Inna ta sa an yi waina da miyar taushe. Maƙwabta suka cika zaure, ana ta "Allah ya karɓi ibada, Allah ya maimaita." Badaru ma ya ajiye tsiya ya kira shi ƙaramin Alhaji. Kawu Sada, wanda ya yi aikin Hajji shekarun baya, shi ya cece shi ba tare da ya sani ba, don in ya yi tambaya ba ya jiran amsa.

"Ka ga cunkoso wajen Hajarul Aswadi ko? Ai ba a magana! Mu a shekararmu..."

Munzali sai gyaɗa kai a hankali, kada hirami ya goge dashe. Wata tsohuwa ta kama hannunsa ta shafa a fuskarta, wai hannun da ya taɓa Ka'aba. Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Dutsi ce ya ƙi zuwa. Yau ya ce gajiya, gobe ya ce mura. Ya aika wa Iya dabino da carbi mafi kyau, yana fatan su tsaya masa. Wata ranar Laraba da hantsi yana kwance a ɗakinsa, ya tokare wuya da matashi yadda aka koya masa, sai ya ji tsayuwar babur a ƙofar gida, ya ji Inna na salati.

"Iya! Da wannan ƙafar kika hau babur tun daga Dutsi?"

"To ya zan yi? Miji ya dawo ya ƙi zuwa ɗakina."

Hasana ta riƙo ta har ɗakinsa, ta zaunar da ita a bakin katifa ta fita. Munzali ya rarumi hirami ya yafa, ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta miƙa hannu tana lalube har ta sami kansa, ta janye hiramin.

"Kawo kan nan da aka aske a Makka in shafa."

Ya tuna dokar tafinta. Ya tuna wahalar da ya sha. Amma bai kauce ba, don bai ga da wane baki zai hana ta ba. Tafin hannunta mai kaushi ya bi ta goshinsa zuwa tsakar kai, ya tsaya. Ta sake bi a hankali da 'yan yatsu, tana taɓa ɓawon ƙananan miyakun nan da suka jeru kamar shuka.

"Wayyo ɗan nan. Haka wanzaman can suke? Ai sun sassare ka." Ta tofa masa addu'a a wurin. "Sannu. Ka sha wuya. Allah ya sa kowane ɗigo na jinin nan ya zama lada."



Ta rage murya. "Ka isar?"

Kalma biyu kawai ake nema: na isar. Ya riga ya faɗa wa mai neman haihuwa, ya faɗa wa mai ciwon ƙafa, bakinsa ya saba. In ya faɗa, tsohuwar nan za ta koma Dutsi da zuciya wasai, ba kuma mai sanin komai har abada. Ya dubi fuskarta. Ta karkato kunne, hannunta na kan kansa har yanzu.

"Iya," ya ce, "ban je ba."

"Cunkoso ya hana ka kama tufar? Ba komai, ko daga nesa ka..."

"Makkan ce ban je ba. Turkiyya na je. Asibiti."

Hannunta ya damƙi kafaɗarsa. "Asibiti? Me ya same ka? Ciwo gare ka kuka ɓoye mani?"

Wannan tsoro da ta ji dominsa ya fi masa zagi ciwo. Hawaye suka zubo masa.

"Lafiyata ƙalau. Gashi aka dasa mani."

"Gashi," ta ce.

Ta sake kai hannu ta taɓa wurin sau ɗaya, sannan ta janye hannun ta ajiye a cinyarta. Ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Da ta zage shi da ya ji sauƙi. Daga tsakar gida ana jin Inna na dama fura tana ce wa Hasana ta ɗauko zamzam a zuba wa Iya.

"Tun ranar da na kira ka, ka san ba can za ka ba?"

"Na sani."

"Ka bar ni na faɗa."

Ya sunkuyar da kai, ya manta da wata doka. Ta lalubo hiramin a ƙasa, ta kakkaɓe, ta yafa masa da kanta, ta gyara gefe da gefe yadda ba abin da zai fito.

"Uwarka ba za ta ji daga bakina ba," ta ce. "Amma ka sani, abin da na faɗa ran nan ba kai na faɗa wa ba. Sau ɗaya zan iya fitar da shi, na kuma fitar."

Ya kama ƙafarta da hannu biyu. "Zan je, Iya. Wallahi zan je. Baɗi war haka ina can, in kama tufar in faɗa yadda kika ce."

Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ta tsaya tana laluben sandarta.

"Kai ke da baɗi," ta ce.