Tsohuwar Kifi Biyu

A shekarar da aka kori baƙi daga Ghana, tsofaffin kaya suka yi ta fitowa daga ɗakunan Zangon Kumasi. Mai tafiya ya sayar don guzuri, mai zama kuma ya sayar don cefane, tunda masu ciyar da shi sun hau mota. A shekarar ce kuma kamfanonin ƙasar suka sake buga wata tsohuwar atamfa da mata ke kira Kifi Biyu: shuɗi mai duhu, da jajayen kifaye bibbiyu suna bin wutsiyar juna. Kafin Babbar Salla ta zo, ko'ina ka waiga kifi ne, daga masu koko har amare.

Safura, matar Rafi'u, makanike a unguwar Suame, ba ta saya ba. Ta je kasuwa ta juya gefen atamfar, ta ga bayanta fari fat, ta ajiye. Bugun gida fuska ɗaya gare shi. Ita kuwa tun tana yarinya take sha'awar zannuwan manyan mata, waɗanda rini ya ratsa ciki da waje, masu sauka a jiki da nauyi, ba sa ƙara idan ana tafiya.

Wata Laraba sai ga Mma Hamamatu dillaliya ta shigo gidansu a Ayigya Zango da ƙunshi a ka. Ta baje kwanoni da 'yan kunne, sannan ta jawo wani abu daga ƙasan ƙunshin, naɗe cikin farin ƙyalle. Tun kafin ta warware, ƙanshin kanumfari da tsohuwar adaka ya cika ɗakin.

"Kifi Biyu ce, 'yar Holan, ta ainihi," in ji ta. "Ta girme ki."

Safura ta juya gefen. Ciki da waje duk ɗaya, shuɗin ya yi zurfi kamar rijiya. Ta ɗora a hannu, ta ji ya kwanta luf.

"Mma, ta wa ce?"

"Ta Allah ce. Ni kaya na ɗauko, ban ɗauko suna ba."

Haka dillalai ke yi. Kayan Tsohon Zango a Ayigya ake sayar da su, na Ayigya a kai Aboabo, don kada mace ta ga zaninta a ƙugun maƙwabciyarta. Safura ta ba da adashinta duka. Da dillaliyar za ta fita, ta juyo ta ce, "Ki ci adonki nan Ayigya, 'yata." Safura ta ɗauka irin maganar 'yan kasuwa ce. A yinin nan babu matar da ba ta kira ta nuna wa bayan zanin ba.

Ba a jima ba aka yi suna a gidan yayan Rafi'u a Tsohon Zango. Safura ta ɗaura zanin, ta kafa ɗankwalinsa, ta sa farar riga. A trotro ma, motar haya, sai da ta shimfiɗa hankici kafin ta zauna.

Tsakar gidan ya cika da mata, kuma aƙalla biyar cikinsu Kifi Biyu suka ɗaura. Amma da Safura ta shigo, nasu ya koma kamar an wanke shi da toka. Ta ji daɗin haka, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta je ta durƙusa ta gaida manya a kan tabarma. A tsakiyarsu akwai Hajiya Adizatu, maƙwabciyar gidan, wadda mijinta marigayi ya yi suna a fataucin goro. 'Ya'yanta maza duk sun bi motocin Kano, ita ta ce a nan aka binne cibiyarta, ba inda za ta. Har yanzu ita ke ba da aron manyan tukwane in ana biki, kuma ba ta zuwa suna hannu rabbana. Ba wanda ya taɓa tambayar daga ina.

Hajiya ta amsa gaisuwa, idonta ya sauka kan zanin, ya ɗan tsaya, ya wuce.

"Kai, kai, kai! Tsaya nan, matar Rafi'u!"

Anti Humu ce, ƙanwar uwar mai jego, mace mai murya kamar lasifikar masallaci, wadda ke alfahari ba a taɓa sayar mata da jabu ba. Ta zagaya Safura tana tafa hannu.

"Wannan ba irin namu ba ne paa, ko kusa. Ku dubi shuɗin nan! Ni a garin nan Kifi Biyu ta gaske guda ɗaya na sani, ta Hajiya, wadda ta ɗaura ran da ta sauko daga Makka. Ina yarinya na riƙe mata buta. Hajiya, ba tana adakarki ba?"

Sai hira ta mutu. Mai tuƙa tuwo ma ta tsayar da muciya. Hajiya Adizatu tana ɓare goro, ta ci gaba da ɓarewa, amma Safura da ke durƙushe kusa ta ga ƙwayar ta kuɓuce mata ta faɗa kan tabarma. Nan take maganar dillaliya ta dawo mata da ma'anarta. In aka tabbatar zanin na gaske ne, kafin magariba duk Zango zai san Hajiya ta fara sayar da suturarta don ta ci.

Safura ba mai magana cikin taro ba ce. Amma ta buɗe baki.

"Anti Humu, kin fasa mini kai a banza. Bugun gida ne. Shuni na ƙara masa."

"Shuni? Ni za ki gaya wa shuni? Kawo gefen in gani."

Ta sunkuyo da hannu. Safura ta yi maza ta tattare zanin tsakanin gwiwoyinta.

"Haba Anti! A gaban surukaina za ki ɗaga mini zani? Me na yi miki?"

Dariya ta ɓarke. Wata tsohuwa ta ce, "Humu, ki bar 'yar mutane, ƙafarta ta mijinta ce." Anti Humu ta ja da baya tana dariya ita ma, amma ba ta saki ba.

"To, gobe ai za ki dawo wanke-wanke. Ki zo da shi. In idona ya yi ƙarya, in daina shiga kasuwa."

"Da shi zan zo."

Tun kafin la'asar Safura ta ce kanta na ciwo, ta sulale. Ba gida ta nufa ba, babbar kasuwa ta shiga, can layin da ba ta da masani. Ta sa aka yanko mata bugun gidan da ta raina, da kuɗin cefanen mako. Yana ƙara a hannunta kamar takardar burodi. A gida ta kalmashe bakinsa da allura, ta wanke shi, ta sake wankewa har sitacin ya fita, ta tsoma shi a ruwan shuni, ta shanya bayan ɗaki. Da Rafi'u ya dawo ya ga zani iri ɗaya kashi biyu, ya ce, "Kifin ya haihu ne?" Ta ba shi labari. Ya daɗe yana goge man inji daga yatsunsa, sannan ya ce, "To, makon nan garin rogo da barkono ke nan." Bai ƙara ba.

Washegari ta goge shi da dutsen guga, ta turara shi da kanumfari, ta ɗaura. Ta duba madubi. Kifayen suna nan, amma kamar sun kwana a tire.

Anti Humu na bakin famfo tana jira, da 'yan kallonta. Ta kama gefen zanin ta juya. Fari, da ɗan dusashin shuni. Ta murza shi, ta ɗaga kai ta dubi Safura.

"Jiya ya fi haka kyau."

"Jiya ba a sa ni wanke tukunya ba, Anti."

Anti Humu ta saki zanin, ta kwashe da dariya. "Ku zo ku ga 'yar Holan ta Ayigya! Wallahi yarinyar nan ta iya rufa ido. Ni Humu, shuni ya ci ni!" Kafin azahar labarin ya zaga unguwa, kuma Safura ta san zai riga ta isa Ayigya, wurin matan da ta tara ta nuna wa bayan zani. Za su ce wanki ɗaya ya tona ta. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da dirzar tukunya.

Da aka gama, aka ɗora mata babbar tukunyar ta mayar gidan Hajiya. Ta yi sallama, ta shiga. Ɗakin a share tas. Jikin bango akwai shaidar inda akwatuna suka daɗe a jere, fentin wurin ya fi sauran haske, yanzu saura biyu. Safura ta kawar da ido, ta ajiye tukunyar, ta durƙusa.

"An gode, Hajiya. Allah ya ƙara girma."

"Matso nan."

Ta matsa. Tsohuwar ta kama gefen zanin da yatsu biyu, ba ta ko juya shi ba, ta saki.

"Wannan ki wanke shi yadda kika ga dama, ba ya fushi." Ta dubi ƙofa. "Wancan kuwa ba ya son rana. A inuwa ake shanya shi. Kuma ki riƙa sauya masa ninki, kada ya karye a wuri ɗaya."

"To, Hajiya."

"Ya karɓe ki jiya. Ni gajera ce, kullum sai na naɗe shi sau biyu."

Hajiya ta jawo ɗan kwanon goronta, ta zaɓi fari guda, ta raba biyu, ta miƙa mata rabi.

"Ki gaida Rafi'u. Ki ce masa ran Juma'a ina dafa waake, shinkafa da wake, ya aiko da kwano."